Turaren Inna da Jar Saniya

Jikokina suna da wata ɗabi'a mai ba ni haushi. Sai su faɗo mini ɗaki da kwalba, su fesa mini a bayan hannu tun ban ce ina so ba, su ce, "Kaka, shinshina ki ji, irin mai tsadar nan ne sak, ba bambanci." Wai sak. Ni kuwa in ce musu su je su tambayi saniya. Su kwashe da dariya, su ce tsufa ya soma taɓa ni. Tsufan gidanku. Ni da idona na ga an kai wa saniya shari'ar turare biyu, kuma ran ƙanena ne ke jiran hukuncin da za ta yanke.

A zamanin Faransi ne, bayan an gama yaƙin nan da Turawa suka yi a junansu. Muna zaune a wata ƴar tunga tsakanin Dantchiao da Dungas, gidaje ƴan kaɗan, kowa ya san tarin kowa. Muna noman gero da gyaɗa, muna da shanu daidai gwargwado. Ni ce ƴar fari a ɗakin Inna. Lokacin na fara tasawa, ana ce mini ƴammata, amma ba a soma maganar aure ba.

Turaren kuwa Kawu ne ya kawo shi, ƙanen Inna, wanda ke aikin kuku a gidan wani Bature a Damagaram. Da matar Baturen za ta koma ƙasarsu sai ta bar masa kwalbar da sauran turare fiye da rabi. Shi ba mata gare shi ba a lokacin, sai ya naɗe ta a tsumma ya kawo wa yayarsa. Ranar da ya kwance tsumman nan duk matan tunga sai da suka taru. Kwalba ce mai kusurwa huɗu, ƙarama amma da nauyi, murfinta ma na gilashi. In ka sa shi sai ya zauna daram, ko ka kifa kwalbar ɗigo ba ya fita. Ruwan ciki launin soyayyen man shanu. Kawu ya ce wani babban tela ne a birnin Faransi yake haɗa shi, mai ɗinka wa matan manyansu kaya. Baba ya ce, "Tela? To madalla. Gobe sai mu kai wa maƙeri ɗinkin riga." Aka yi dariya, har sai da Kawu ya zare murfin, sannan kowa ya miƙo hanci.

Mu ba baƙin turare ba ne. Mun san humrar Barebari, mun san turaren wuta da farce da kajiji, mun san ɗan man da fatake ke kawowa daga Kano. Duk waɗannan yadda suka shigo ɗaki haka suke zama har su fita. Wannan kuwa tafiya yake yi. Da farko sai ka ji sanyi-sanyi da ɗan ɗaci, kamar an ɓare lemun tsami a nesa. Kafin hantsi ya koma fure, wani furen da ba mu da shi a dajinmu, ko da yake ya ɗan yi kusa da na bagaruwa. Can da la'asar, sa'ad da ka ɗauka ya tafi, sai ka ji wani abu mai ɗumi ya rage a fata, ba zaƙi ba, ba hayaƙi ba, abin da har yau ban sami sunansa ba. Kaka, uwar Baba, ta ce wannan ba aikin mutum kaɗai ba ne, da hannun aljanu a ciki. Amma kullum Inna ta gifta sai ka ga tsohuwa ta ɗaga hanci.

Inna ba ta taɓa zuba shi ba. In ta gama tatsar safe ta yi wanka, sai ta buɗe adudu, ta zare murfin, ta dangwala jiƙaƙƙen gindinsa a bayan kunne ɗaya, ta mayar. Shi ke nan. Haka kwalbar nan ta yi mata shekaru. In ana biki matan tunga kan zo roƙo, ita kuwa ba ta hanawa, ba ta kuma sakin kwalbar. Da hannunta za ta dangwala wa amarya, ta mayar da abinta adudu. Abin mamaki, a jikin amaren ba ya zama irin nata. A jikin wata ya yi kaifi, a jikin wata ya ɓace kafin azahar. Matan suka ce turaren ya san mai shi.

Ni daga nesa na san ƙamshin, domin daga nesa aka yarda in so ta. Ƴar fari ce ni. Inna ba ta kiran sunana, ba ta ɗora ni a cinya a gaban mutane, a ɗakin Kaka nake kwana. In za ta aike ni sai ta dubi wani wuri ta ce, "Ke, wannan." Kuma kowa cewa yake ban ɗauko komai nata ba, Baba na kwaso tun daga goshi har tafin ƙafa. Ban ga laifin al'adar ba a lokacin, haka na tashi na tarar. Amma nakan ƙirƙiri aiki in bi ta bayanta in tana tankaɗe, don kawai in shaƙa in wuce.

Wadda ba ta san wannan kunya ba ita ce jar saniyarmu. Maraƙinta ya mutu yana ɗan ƙarami, kuma wanda ya san shanunmu ya san saniya ba ta sakin nono sai ta ga ɗanta a gabanta. Ana shirin cusa wa fatar maraƙin ciyawa a riƙa ajiye mata, yadda aka saba, Inna ta ce a bar ta da ita. Ta riƙa zuwa da ƴar kanwa a tafin hannu, tana yi mata magana ƙasa-ƙasa, saniya na lasar hannun. Daga hannu ta koma kafaɗa, daga kafaɗa ta koma wuya da bayan kunne. Ba a jima ba ta mayar da Inna ɗiyarta. Inna na tsugunawa nono zai sauko, har ya riƙa ɗiga kafin a kafa ƙwarya. Wani kuwa in ya matso sai ta kaɗa masa ƙaho. Mu dai dariya muke yi, muna cewa Inna ta yi sabuwar uwa mai wutsiya.

A bazarar shekarar da maraƙin ya mutu Inna ta haifi namiji, bayan ta jera mata. Aka yi suna lafiya, Baba baki har kunne. Ba a yi nisa ba zazzaɓi ya kama ta, irin mai kama masu jego. Kafin a gama shawarar ɗaukarta zuwa likita a Magariya, Allah ya karɓi abinsa.

Gwaggo, yayar Baba, ita ta yi mata wanka. Mace ce mai zafin nama da zafin baki, kuma ta so Inna fiye da yadda dangin miji suka saba son matar ɗan'uwa. Da aka zo sa turare a likkafani aka miƙo mata ɗan man Kano, ta ture shi. Ta ce, "Baiwar Allah ta yi shekaru tana dangwale, tana yi wa kanta rowa. Yau kam da abinta za ta tafi." Ta buɗe adudu, ta zazzage kwalbar nan kaf a kan farin ƙyalle. Wayyo ƙamshi! Ya cika gida, ya fita waje, mazan da ke zaune gindin gawo duk suka waigo. Waɗanda suka kai ta sun ce har suka gama mayar da ƙasa suna jinsa, kuma da shi suka dawo a hannuwansu. Babu wanda ya ga laifin Gwaggo. Kowa cewa ya yi ta kyauta, ni ma haka na ce a raina.

Ɓarnar ba ta fito ba sai da la'asar, da Gwaggo ta ɗauki ƙwarya ta nufi turke. Jar saniya ta dube ta, ta shinshina, ta juya mata baya. Aka ɗaure mata ƙafafu, Gwaggo ta ja, ta ja, hantsar nan a cike tam, amma ko ɗigo. Saniya ta ɗauke nononta sama. Baba ya gwada, Kaka ta gwada, ni ma aka ce in gwada, ta make ni da wutsiya a ido. Aka tuna da fatar maraƙi, ashe tuni an yi guga da ita.

Abin da ya mayar da wannan tashin hankali shi ne jaririn. Sauran shanunmu sun bi Baffa, ƙanen Baba, kudu neman ciyawa, ba mu ma san inda suka yada zango ba, kuma a tungar nan kaf ita kaɗai ce saniya mai tatsa. Mace ɗaya ce ke goyo, matar maƙwabcinmu, ita ma bazara ta tsotse ta, nata ɗan bai ƙoshi ba. Allah ya saka mata da alheri, takan ba namu abin da ya samu safe da yamma, amma ina. Aka gwada nonon akuya, ya bi ta cikinsa ya fita kamar ruwa. Aka gwada tsinkakken kunu, ya dawo da shi. Yaron da aka yi sunansa da kumatu sai ga fatar wuyansa tana naɗewa. Kuka ma ya rage yi. Ranar da Kaka ta shafa kansa ta ji maɗiga ta faɗa, sai ta zaga bayan ɗaki ta daɗe.

Ita ce kuma ta gano bakin zaren. Ta ce, "Dabbar nan ba ido take bi ba, hanci take bi. Ku nemo mini zanen da ba a wanke ba." An riga an wanke kayan Inna an raba sadaka, saura wani tsohon zane da take ɗaurawa in za ta tatsa, an mance shi a rataye bayan ƙofa. Gwaggo ta yafa shi har ka, ta tsuguna ba ta yi magana ba. Saniya ta shinshina, ta yi wani nishi, ta saki kaɗan, abin da bai rufe gindin ƙwarya ba. Aka dafa, aka sirka da ruwa, aka ɗiga wa yaro. Ya zauna a cikinsa! Wallahi ranar har guɗa Kaka ta so yi, ta tuna ana zaman makoki. Sai dai zane ya kwana biyu a jikin Gwaggo ya zama na Gwaggo. Aka ɗauraye kwalbar turaren da ruwa aka shafa wa Gwaggo, wannan ma ya yi mana rana ɗaya. Daga nan saniya ta rufe, kuma kowa ya san in hantsa ta daɗe a haka ƙafewa za ta yi.

Gwaggo ta zauna a bakin turke ta ɗora hannu a ka, tana cewa, "Ni na kashe shi. Na ba matacciya abincin mai rai." Baba ya ce, "Haba Yaya, kin san gaibu ne?" Ya kama rago, ya ce gobe kasuwar Magariya, za shi nemo irin turaren ko nawa ne. Ya ce wa Kaka ta gaya mini in shirya in bi shi, domin shi shaƙar asara, garin tabar nan, ta kashe masa hanci, ko tafarnuwa aka zuba masa a kwalba saye zai yi.

Muka tashi da sassafe, ni a kan jaki, shi a ƙasa yana jan rago. Shi ma ba mai yi mini magana ba ne, kunyar ɗan fari ba ta bar uba ba. Tafiyar nan duk abin da ya ce shi ne in riƙe kwalbar Inna da kyau. Ban taɓa zuwa Magariya ba sai ranar. Na ga mota, na ga gardin kwamanda, dogarin Bature mai mulki, da jar hula, na ga mutane fiye da duk waɗanda na taɓa gani a rayuwata, amma kallon bai shige ni ba. Hannuna na kan ƙullin da ke haɓar zanena.

Baba ya sayar da ragon, muka nufi kantin Bature, inda ake awon gyaɗa, ana sayar da yadi da sukari. Malamin kanti ya jujjuya kwalbar, ya karanta rubutun jikinta, ya ce bai taɓa ganin irinta a kanta ba, bari ya nuna wa mai gida. Bature ya fito, wani dogo jajawur, gumi ya jiƙa masa riga, da fuskar wanda aka dama. Ya karɓa da yatsu biyu, ya zare murfin ya kai hanci. Ni dai ina leƙensa ta bayan rigar Baba. Mutumin nan ya tsaya kamar an dasa shi. Ya lumshe ido, ya sake shaƙa, jan fuskarsa ya ƙaru. Da ya yi magana muryarsa ta sauka ƙasa. Malamin kanti ya fassara mana, wai turaren uwarsa ne. Na rantse ban san Bature na da uwa ba sai ranar, mu yara mun ɗauka haka ake sauke su daga jirgi da girmansu. Ya ce tun da aka shiga yaƙi gidan da ke yin sa ya rufe, ba a sake buɗewa ba, yanzu ko a ƙasarsu ba a samu, ko da dala cike da buhu. Ya tambaya ko za a sayar masa da kwalbar haka nan ba komai a ciki. Baba ya ce a ba shi haƙuri, ta marayu ce. Bature ya mayar da murfin a hankali, ya sunkuyo ya miƙo mini da hannu biyu.

Malamin kantin ne ya ce mu gwada rumfar masu turare, akwai wani tsoho mai dangi a Kano, yana tsallaka iyaka yana kawo kaya. Muka same shi a kan buzu, ƴan kwalabe jere a faifai a gabansa. Baba ya gaya masa komai, har da saniyar. Na ɗauka zai yi dariya, bai yi ba. Ya shinshina murfin, ya ce, "Wannan na taɓa jin sa a jikin wata Baturiya da ta wuce ta nan. Ba ni da shi, kuma duk wanda ya ce maka yana da shi a kasuwar nan ƙarya yake." Ya laluba cikin jakar fata, ya fito da wata ƴar kwalba kamar ɗan yatsa. Ya ce, "Wannan wani mai haɗi a Kano ya yi shi, don matan da suka ji wancan suka kasa samu. Kama da wane ba ta wane, Malam. Amma bari yarinyar ta ji."

Ya ɗiga mini a bayan hannu. Na shaƙa. Lemun tsamin nan ne, sanyin nan ne, har sai da na waiga. Na shinshina murfin gilashin da ke ɗaya hannun, na koma kan na Kano, na yi ta kai da kawowa. A shaƙar farko ba ka raba su. In ka maimaita sai ka ji na Kano ya fi kauri, mai ne, da zaƙi kamar an sa masa zuma, kuma yana ɗaga murya. Na Inna a kunne yake yi maka magana, wannan kuwa daga tsallaken gida yake kiranka. Baba ya ce, "Yaya?" Na ce, "Ya yi kusa, Baba." Ya ce, "Da babu gara ba daɗi." Tsohon ya naɗe mana, ya ce a shafa kaɗan, kada a cika.

A hanya na riƙa shinshinar hannuna, ina jiran ya yi tafiyar nan ta na Inna, ya koma fure, ya koma ɗumi. Bai tafi ko'ina ba. Yadda ya hau hannuna a kasuwa haka ya sauka tare da ni a gida, sai dai ya ɗan gaji.

Da safe Gwaggo ta yi shiri kamar amarya. Baba ya ce mai turare ya ce kaɗan, ta ce, "Shi ya taɓa tatsar saniya?" Ta shafa a wuya, ta shafa a hannu, ta shafa a zane, rabin ƴar kwalbar ya tafi. Duk tunga aka fito kallo, har maza suna leƙe ta kan danga. Tun Gwaggo na nesa jar saniya ta ɗaga kai. Ta miƙe kunnuwa, ta yi wani kuka da ban taɓa jin saniya ta yi ba, ta ja igiya har turke ya motsa. Kaka ta ce, "Alhamdu lillahi." Gwaggo ta iso ta tsuguna. Saniya ta kai hanci wuyanta, ta shaƙa, ta shaƙa. Sai ta ɗaga kai ta dubi bayan Gwaggo, ta dubi ƙofar ɗakin Inna, tana jiran mai ƙamshin ta fito. Da ba ta ga kowa ba ta yi atishawa, ta harbe ƙwaryar, ta juya ta fuskanci danga. Mutane suka watse. Gwaggo ta miƙe ta yi jifa da ƴar kwalbar cikin yashi, ta ce, "Rago guda a kan fitsarin jaki!" Ta shige ɗaki tana kuka.

Ni na tsince ta. Ba da wata dabara na yi ba, ban kuma yi don saniya ba, kewa ce kawai ta ishe ni. Na shiga ɗakin Inna, inda ba kowa, na ɗauko murfin gilashin nan, na ɗiga masa na Kano ɗan ƙanƙani, na dangwala a bayan kunne ɗaya yadda na sha ganin tana yi. Da Gwaggo ta gani da na sha mari, budurwa da turare ana cikin makoki. Na ja kallabi na rufe kunnen, na fita aiki.

Aikin Inna duk ya dawo kaina tun rasuwarta. Na yi daka, na je rijiya na dawo, na hura wuta da kara da kashin shanu, hayaƙi ya turnuƙe ni, na dama fura, na shafa man shanu a ƙafa saboda faso. Ranar bazara ta gasa ni, na yi gumi ya bushe, na sake yi. Na ma manta da abin da ke bayan kunnena. Yaron yana ɗakin Kaka, tun safe ban ji motsinsa ba, kuma tsoro ya hana ni leƙawa.

Da la'asar aka ce in kai wa saniya ruwan dusa, tunda ko ba ta ba mu ba, ba ma bar ta da yunwa ba. Na ajiye mata, na sunkuya ina kwance igiyar da ta harɗe mata a ƙafa. Sai na ji numfashi mai ɗumi a ƙeyata. Na ƙame, ƙahon nan dab da idona. Ta tura kallabin da hanci har ya zame, ta shaƙa a bayan kunnena, doguwar shaƙa, har na ji gashina na motsi. Sai harshe. Wanda saniya ba ta taɓa lasa ba bai san kaushinsa ba, kamar a goga maka dutse. Ta lashi kunnen, ta lashi wuya, ta sauko kafaɗa, tana wani gurnani ƙasa-ƙasa a maƙogwaro. Na ji wani abu na ɗiga a kan ƙafata, ɗumi-ɗumi. Na duba. Nono ne, yana zuba da kansa daga hantsa, yana huda yashi.

Ban iya ihu ba, tsoro nake kada ta farga. Ƙwaryar da ta harba da safe tana nan kife a gindin danga. Na jawo ta da ƙafa, na goge da haɓar zane, na tsuguna. Ban ƙware da tatsa ba, amma abin bai bukaci gwaninta ba. Ƙarar nonon a gindin ƙwarya, tsirr, tsirr, ita ta fito da mutanen gida. Gwaggo ta fito da kumburarrun idanu ta tsaya cak. Kaka ta ɗaga mata hannu kada ta matso. Baba ya shigo daga waje, ya ga saniya na lasar wuyana, kumfa na tasowa a ƙwarya. Ya ce, "La ilaha illallahu," ya juya ya fita don kada mu ga fuskarsa.

Na sha juya abin nan a raina, har yau tsikar jikina na tashi. Na Kano ba na Inna ba ne, hancina ya faɗa mini, saniya ma ta faɗa da safe a gaban kowa. Ni ma ba Inna ba ce, ba ta daɗe da make ni da wutsiya ba. Daga baya Gwaggo ta gwada yadda na yi, ɗan dangwale a kunne da yinin aiki, saniya ta ƙi ta. Ni ma na gwada zuwa ba turare, ta ƙi ni. Sai an haɗa ɗan kamannin da ke cikin kwalba, da hayaƙi da gumi, da wani abu a fatata wanda ni ban san ina da shi ba, kuma duk masu cewa Baba na kwaso ba su da hancin jin sa. Telan Faransi ya yi nasa, mai haɗin Kano ya kwaikwaya, sauran kuwa ikon Allah ne, ba ni da bayaninsa.

Ranar dai ba ni da lokacin tunani. Kaka ta karɓi ƙwaryar ta dafa nonon, ta sirka, ta fifita. Ta fito da yaron a tsumma, ba nauyi kamar ɗan tsako, idanu a rufe, leɓe a bushe. Ta kai masa ludayi baki, bai buɗe ba. Ta ɗiga masa, ya gangaro ta gefen kumatu. Gwaggo ta soma salati. Kaka ta dube ni, wuyana duk yawun saniya, ta ce, "Zauna. Karɓe shi."

Ban taɓa riƙe shi ba tun rasuwar, ana cewa ya yi laushi da yawa ga hannun yarinya. Na zauna a tabarma, ta ɗora mini shi. Na kai shi kafaɗa, kansa ya faɗa a wuyana. Ya ɗan jima a haka. Sai na ji hancinsa na motsi a fatata. Ya juya kai, ya buɗe baki, ya shiga laluben ƙirjina, yana ture zane da ɗan hannunsa, yana nema da ƙarfin da ba mu san ya rage masa ba. Ni kuwa ba ni da komai a wurin da zan ba shi. Hawaye ya zubo mini, na ce, "Kaka, nema yake." Ta ce, "To ba shi mana." Ta kama ɗan yatsana ta tsoma a ƙwarya ta sa masa a baki. Ya kama, ya tsotsa har na ji zafi. Ta riƙa zuba nonon da ludayi a hankali ta bayan hannuna, yana gangarowa ta yatsan yana shiga bakinsa, muna jin ƙarar haɗiyarsa. Bai saki ba sai da cikinsa ya taso. Ya yi gyatsa, ya yi barci da yatsana a bakinsa, Kaka ta hana kowa motsa ni har aka kira magariba.